'Yata tana karatu babu gargada, amma ba ta gane abin da ta karanta

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Anguwar Rogo cikin garin Jos. 'Yata ta fari shekararta takwas, tana aji uku a wata makarantar kuɗi da ake koyarwa da Turanci zalla. Idan ta ɗauki littafi tana karantawa babu gargada, har maƙwabta suna yaba ta, amma da zarar na rufe littafin na ce ta gaya mini abin da ta karanta, sai ta yi shiru tana kallona, wani lokaci har da hawaye. A jarrabawar da ta wuce, sashen da ake ba su labari su amsa tambayoyi shi ne ya ja ta ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan kakarsu, mahaifiyar maigidana, ta yi musu tatsuniya da dare, washegari yarinyar nan za ta maimaita wa ƙannenta ita daga farko har ƙarshe, har da waƙar ciki. Na so in yi amfani da tatsuniyar wajen koya mata, amma babansu ya ce ɓata lokaci ne, Hausa za ta lalata mata Turanci, gara a ɗauko malamin lesin. Don Allah ina neman shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin rabin amsar tambayarki yana cikin wasiƙar da kika rubuto. Yarinyar da za ta saurari tatsuniya da dare, ta kwana, ta tashi ta jero ta daki-daki, ta san wanda ya fara magana da wanda ya mayar masa, ta kuma san inda waƙa take shigowa, ba a ce mata marar fahimta ba. Fahimtarta lafiya lau take. Abin da ya faru shi ne, tun da ta shiga makaranta, abin da aka nuna mata a matsayin karatu shi ne ta furta abin da ke rubuce da ƙarfi ba tare da kuskure ba. Ta yi hakan, an tafa mata, sai ta ɗauka aikin ke nan ya ƙare. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa baƙaƙen da ke kan takarda magana suke yi da ita, kamar yadda kakarta take yi.

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana cewa karatu mai ma'ana yana tsayawa ne a kan abu biyu: iya haɗa baƙaƙe a furta kalma, da kuma fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi, kuma idan ɗayan ya ɓace to fahimta ba za ta samu ba komai ƙarfin ɗayan. Ki auna 'yarki da wannan ma'auni. A Turanci ta iya furuci, amma harshen bai zauna mata ba, domin ba da shi ake hira a gida ba, ba da shi take wasa da ƙawayenta ba. A Hausa kuwa harshen nata ne, da shi take tunani, da shi take faɗa da ƙannenta, amma ba a taɓa koya mata karanta shi ba. Ke nan babu harshe ko ɗaya da abubuwan nan biyu suka taɓa haɗuwa mata a cikinsa. Amfanin tatsuniya a nan shi ne ta haɗa su wuri guda, yarinyar ta ga rubutu a gabanta, ta karanta shi, ta kuma ji yana faɗin abin da ta sani. Kuma kada ki ɗauka a gidanku kaɗai wannan matsala take. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 tare da UNESCO da UNICEF ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya doshi kashi 90.

Tsoron da maigidanki yake ji ba na banza ba ne, kuma ina so ki ɗauke shi da muhimmanci. Da Turanci za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare, da shi za ta rubuta WAEC da JAMB, saboda haka duk uban da ya damu da makomar 'yarsa dole ya yi tunanin Turanci. Sai dai an gwada wannan abu a ƙasar nan tun da daɗewa. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma ya zama darasi guda a cikin darussa, aka kwatanta su da yaran da aka mayar kan Turanci tun daga tsakiyar firamare. Yaran da suka yi karatu da harshen gida ba su faɗi ƙasa a Turanci ba, kuma sun nuna ƙwazo a sauran darussa. Dalili a fili yake. Yaron da ya koyi bin zaren labari, da gane dalilin da ya sa wani ya aikata abu, da komawa baya idan ya ɓace, ba ya sake koyon waɗannan daga farko idan ya koma wani harshe, kalmomi kawai zai nema. Ba cewa nake yi a cire ta daga makarantarta ba, ko a daina yi mata Turanci. Minti ashirin ne kawai a kowane dare, bayan sallar isha'i, lokacin da boko da Islamiyya suka sallame ta. Ki zaɓi lokacin da babansu yake cikin natsuwa, ki nemi alfarmar ya ba ki zango ɗaya na karatu ki gwada, idan bai ga canji ba sai a bi shawararsa. Magana mai daɗi da wa'adi bayyananne sun fi gardama saurin shawo kan maigida.

Aikin yana farawa ne daga wurin Hajiya, kakar yaran. Ki same ta da ladabi ki gaya mata cewa jikarta tana buƙatar taimakonta a karatu, ki nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya lokacin da take yi musu tatsuniya. Akwai abin da take da shi wanda ke ba ki da shi, wato wasan da ke tsakanin kaka da jika. A gabanta yarinyar ba ta tsoron yin kuskure, tana iya katse ta, tana iya musa mata, kuma wannan sakewar tana cikin dalilan da suka sa tatsuniyar take zama a kanta. Ke kuma, da yake 'yar fari ce, kada alkunya ta hana ki jawo ta jikinki ku zauna a tabarma ɗaya. Hawayen da kika ambata alama ce ta cewa tambayarki ta riga ta zama mata jarrabawa, saboda haka abu na farko da za ki gyara shi ne yanayin zaman. Babu tsawa, babu bulala a kusa, babu kwatanta ta da 'yar maƙwabta.

Bari in ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki in nuna miki yadda zaman zai kasance, ko da yake kowane gida da irin yadda yake ba da ita. An yi yunwa a gari, hankaki suka gano wani itacen ɓaure a tsakiyar kogi, suna zuwa suna ci suna kawowa gida. Gizo ya je gidansu da sunan ɗiban wuta, ya sami ɓaure ya ci, da ya fita sai ya kashe wutar ya sake dawowa, ya yi ta yin haka har suka gane, suka yi masa alkawarin tafiya da shi da asuba. Kowane hankaka ya ara masa gashi ɗaya, ya tashi tare da su, amma da suka isa kan itacen, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Ransu ya ɓaci, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a tsakiyar ruwa.

A daren farko, Hajiya ta ba da ita yadda ta saba, da "ga ta nan, ga ta nanku" da "ta zo mu ji ta", da tsamin bakin Gizo, har zuwa "ƙurunƙus". Kada ki sa baki. Washegari ki saurari muryar da kika ɗauka, ki rubuta tatsuniyar a littafin rubutu da manyan baƙaƙe, jimla gajera a kowane layi, ki bar fili tsakanin layuka, kada ta wuce shafi biyu. Da dare ki buɗe littafin ki karanta mata kina bin kalmomin da yatsa, sannan ku karanta tare, sannan ta karanta ita kaɗai. A nan za ki ga ta yi gargadar da ba ta yi a Turanci, kada hakan ya tayar miki da hankali. Harafin c na Hausa ba kamar na Turanci ake furta shi ba, ba ta san ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa ba, ba ta saba da ts ba. Ki nuna mata bambancin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, ki bi da ita ba, be, bi, bo, bu. Rubutun Hausa ba ya yaudara kamar na Turanci, kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, don haka yaron da ya riga ya san haruffa ba ya daɗewa kafin ya kama.

Wurin da ya fi muhimmanci shi ne tambayoyi, kuma a nan nake so ki daɗe. Ki fara da abin da ke kwance a fili: ina itacen ɓauren yake, me Gizo ya ce ya zo nema? Za ta amsa nan take domin ta riga ta ji daga bakin kakarta. Sai ki ce mata, "Nuna mini inda aka faɗi haka." Wannan 'yar gajeriyar magana ita ce ginshiƙin aikin duka, domin ita ce za ta tilasta wa idonta ya koma kan takarda yana neman ma'ana, abin da bai taɓa yi ba. Ranar da ta ɗora yatsa a kan layin ta ce "ga shi nan", to ta gano cewa amsa tana zaune a cikin rubutu, kuma wannan shi ne ainihin abin da jarrabawar makaranta take nema daga gare ta.

Daga nan sai ki matsa zuwa abin da tatsuniyar ba ta faɗa ba. Me ya sa Gizo yake kashe wutar idan ya fita? Babu layin da ya ce don ya sami hujjar komawa ya ƙara cin ɓaure ne, dole ta haɗa wannan da wancan ta ciro dalilin da kanta. Yaya aka yi hankaki suka gane ba wuta ce ta kawo shi ba? Me ya sa gashi ɗai-ɗai suka ba shi? Idan ta ba da amsar da ba ki zata ba, kada ki ce ba haka ba ne, ki tambaye ta abin da ya sa ta faɗi haka, domin sau da yawa za ki tarar tana da hujja, kuma ko da ba ta da ita, neman hujjar ya fi amsar amfani. Idan kun zo inda hankaki suka tashi suka bar shi, ki rufe littafin ki ce, "Da ke ce Gizo, ga ruwa ta ko'ina, ba ki da fiffike, yaya za ki yi?" Sannan ki tambaye ta ko hankaki sun kyauta da suka bar shi, ki bar ƙannenta su ma su faɗi nasu, su yi musu a kai. Ina roƙonki da abu ɗaya: kada ki yi saurin cewa "darasin wannan tatsuniya shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala". Idan kika riga ta faɗa, za ta haddace shi ta riƙa maimaita miki, kuma kin mayar da ita gidan jiya. Ki bari ta isa wurin da ƙafarta.

Kada ki tsallake kalmomin da ba ta sani ba. Yaron da ya tashi a tsakiyar Jos, inda Hausar titi take gauraye da Turanci da harsunan maƙwabta, yana iya rasa sanin ɓaure, ko rumbu, ko kada na cikin ruwa, ko fari da ake nufin rashin ruwan sama. Ki tsaya ki tambaye ta me take zaton kalmar take nufi idan ta duba abin da ya zo gabanta da bayanta, sannan Hajiya ta yi bayani. Abin da za a iya nunawa a nuna, hankaka dai ba ya wuyar gani a unguwa.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ki sani. Yarinya mai kaifin hadda irin taki tana iya kallon takarda tana zubo tatsuniyar daga ka, ke kuma ki ɗauka karatu take yi. Maganin wannan shi ne ki sake rubuta labarin ki canza wani abu ba tare da kin gaya mata ba, misali ki mai da ɓauren mangwaro, ko ki sa Ƙoƙi ce ta je ɗiban wutar. Idan ta tsaya ta ce, "Mama, ai ba haka ba ne," to da hankalinta take karatu. Idan ta karanta ɓaure alhali mangwaro ne a rubuce, hadda ce take yi. Haka kuma kina iya rubuta sassan labarin a 'yan takardu guda biyar ko shida, ki cakuɗa su, ki ce ta jera su yadda suka faru. Bayan makonni kaɗan sai ki kawo tatsuniyar da ba ta taɓa ji ba, ta karanta da kanta kafin kowa ya ba ta ita da baki. Littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara a farkon shekarun 1970 an yi su ne domin yara 'yan makaranta, kuma za su yi miki amfani sosai idan kika same su. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuwa ki ajiye ta sai gaba, domin labaranta sun fi tsawo kuma Hausarta ta fi nauyi. Ki riƙa karanta kowace tatsuniya ke kaɗai kafin ki miƙa mata, saboda a cikin tatsuniyoyinmu akwai masu ban tsoro ƙwarai, akwai kuma masu maganganun da ba su dace da kunnen yaro ba.

Idan ta saba da wannan, sai a haye zuwa Turanci, kuma a nan ne maigidanki zai ga abin da yake nema. Ki rubuta tatsuniyar Gizo da hankakin nan da Turanci mai sauƙi, ko ki roƙi babansu ya rubuta, wanda hakan zai sa shi ma ya shigo cikin aikin. Da yake ta san labarin ciki da waje, duk kalmar Turancin da ta ci karo da ita za ta sami ma'ana tana jiranta. Ki yi mata tambayoyin da Hausa, ta amsa da Hausa, sannan ku juya amsar zuwa Turanci tare. Bayan haka ki ɗauko littafin makarantarta ku bi labarin cikinsa da wannan hanya: ku tsaya a ƙarshen kowane sakin layi ta faɗi abin da ya faru da Hausa, ki tambayi dalili, ki ce ta nuna miki wurin. Idan ta iya faɗa da Hausa amma ta kasa da Turanci, kin san kalmomi ne suka yi mata ƙaranci. Idan ta kasa ko da Hausar, to sakin layin ne bai shige ta ba, sai ku koma ku sake bi a hankali.

Game da malamin lesin, ba na hana ku ɗauka, amma yawancin abin da ake yi a lesin maimaicin abin da ake yi a aji ne, a karanta da ƙarfi, a kwafi amsa daga allo, kuma wannan shi ne abin da 'yarki ta riga ta ƙware a kai. Idan za ku ɗauka, ku zauna da shi ku gaya masa cewa fahimta ce matsalar, ku kuma duba ko yana tambayarta dalili ko kuwa amsa kawai yake ba ta. Ki je makarantar ki ga malamar ajinsu cikin mutunci, ki roƙi ta nuna miki takardar jarrabawar, ki duba irin tambayoyin da ta faɗi. Idan kwafo jimla take yi daga labarin ba tare da ta dace da tambayar ba, wannan ya tabbatar da abin da muke magana a kai.

Kafin zangon ya ƙare, alamun da za ki lura da su ba maki ba ne tukuna. Za ki ga ta tsaya a tsakiyar karatu ta tambaye ki ma'anar kalma, ko ta koma layin baya da kanta, ko ta yi dariya a inda abin dariya yake, ko saurin karatunta ya ragu, wanda a halin da take ciki ci gaba ne. Idan kuwa kun yi wata uku kuna wannan zama a kai a kai ba ki ga ko ɗaya daga cikinsu ba, ko kika lura tana matso da littafi kusa da fuska, ko sai an maimaita mata magana kafin ta ji, to ku kai ta asibiti a duba idonta da kunnenta, sannan ku nemi shawarar masana koyar da yara masu buƙata ta musamman, akwai sashensu a Jami'ar Jos. Ki haɗa da ƙannenta a zaman tun yanzu, ko da sauraro da amsa tambaya da baki kawai za su riƙa yi. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya.